Auna Kafin Ka Saya: Nasiha ga Ɗiyanmu Direbobi

Ɗiyana, ku da kuka kama sitiyari a 'yan shekarun nan kuna ɗaukar fasinja daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ko daga Kebbe zuwa Jega, ku ba ni aron hankalinku. Na san ba sabuwar mota ce a hannun yawancinku ba. Wani Golf ce wadda ta girme shi, wani Sharon, wani tsohuwar Corolla ko Vectra da mahaifinsa ya sayar da shanu ya haɗa da kuɗin shinkafa ya saya masa. Babu abin kunya a ciki. Golf ta ukun nan da ta cika tashoshinmu, a 1991 aka fara ƙera ta a Jamus, kafin shekarar 2000 kuwa yayinta ya wuce, ga shi har yau tana ciyar da gidaje. Tsohuwar mota ba ta ƙin aiki muddin ana kula da ita. Sai dai akwai inda ake yi mata tsimi, akwai inda tsimi ke zama ganganci, kuma a faifan birki biyun nan suna kusa da juna ƙwarai.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan nan, duk ƙarfen da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Direba zai wuni a hanya, ya sha mai, ya biya kuɗin tasha, ya ware balas ɗin mai mota, abin da ya rage da ƙyar ya isa cefane. Wanda ke cikin wannan hali ba a ce masa ya je ya sayi mafi tsada a wuce wurin. Akwai hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai samu faifai nagari ba tare da ya zubar da guminsa ba, kuma hanyar da awo take farawa, ciniki daga baya yake zuwa.

Bari mu fara da aikin da faifan yake yi, domin wanda ya san aikin abu ba a cika cutarsa a kasuwa ba. Idan ka taka birki, man birki ne ke tura fad guda biyu su matse faifan da ke juyawa tare da taya. Gudun motar ba ɓacewa yake yi haka kawai ba, zafi yake komawa, kuma zafin cikin ƙarfen faifai yake shiga kafin iska ta kwashe shi. Motar da nauyinta da na kayanta ya kai tan ɗaya da rabi, in tana gudun kilomita 100 a awa ka tsayar da ita cak, zafin da ta saki ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyu, kuma duk cikin 'yan daƙiƙu. Mafi yawansa faifan gaba ne ke sha, don da zarar an taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya. Ga wani lissafi kuma da nake so ya zauna muku: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wanda ya tashi daga 80 ya koma 120 ya ɗora wa faifansa fiye da ninki biyu na wahala. Kun san kaskon suya. Mai kauri yakan ɗauki wuta ya riƙe ta daidai, siririn kuwa nan da nan ya yi jawur ya karkace. To, shi ma faifai kaurinsa ne rayuwarsa.

Yankinmu ba shi da dogon gangare irin na Filato ko Mambila, inda direba zai daɗe ƙafarsa na kan birki, shi ya sa wasu ke zaton birki ba ya shan wuya a wurinmu. Yana sha, tamu wahalar ce daban. Titin Sakkwato zuwa Jega a miƙe yake, yana kiran mutum ga gudu, sai kwatsam garken shanu ya ratso wajen Dogon Daji, ko mai babur ya faɗo titi a Shagari ba tare da ya waiga ba. Ga lodi: biyu gaba, huɗu baya, but a buɗe an danne buhunan albasa ko na shinkafa da igiya. A watan Afrilu zafin gari kansa yakan haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya ƙarfen ita ma mai zafi ce. Da damina kuma, wanda ke shiga wajajen Kuchi da Margai da Girkau ya san in an sauka daga kwalta sai burji da yashi da kwatami. Faifai na da zafi a afka da shi cikin ruwa, yashi ya shiga tsakaninsa da fad ya yi ta gurzarsa. Faifan da zai yi shekaru a hannun ma'aikacin ofis a cikin birni ba zai yi haka a hannunku ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne, yanayin aikinku ne.

Kafin ka ce faifai ne, ɗana, ka tabbata shi ɗin ne. Yaro zai zo gareji ya ce sitiyari na rawa in ya taka birki, a ce masa faifai, a saya a ɗaura, bayan ɗan lokaci rawar ta dawo. Sau da yawa gaskiya faifan ne, amma boris da ya saki, ko tayarod da ya yi sako-sako, ko rim da rami ya lanƙwasa, kowannensu na iya kawo irin wannan rawa ko ya ƙara ta. A ɗaga motar a jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a kama ta hagu da dama a girgiza. In akwai motsi, a fara da shi. Sannan wata rana in ka yi tafiya ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da rim ɗin dama da na hagu, kada ka taɓa. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, kalifar wannan gefen ta maƙale, tana riƙe da faifan ko bayan ka ɗaga ƙafa. Wanda ya ɗora sabon faifai ƙarƙashin kalifar da ta maƙale, kafin a jima zai sake komawa kasuwa. Sau tari gyaran nan bai wuce a wanke sandunan da kalifar ke zamewa a kai, a sa musu giris, a canja robar da ta yage ba.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Duk faifan kirki yana ɗauke da lambarsa a jikinsa. Ka goge tsatsar gefen bakinsa ko ta kan hular da ke tsakiya da burushin waya, za ka ga an buga haruffan MIN TH da wani adadi a gabansu. Wannan adadi shi ne iyakar kaurin da masu ƙera shi suka yarda a yi aiki da shi, a milimita. A Golf ta uku, faifan gaba mai faɗin milimita 256, mai ramukan iska a tsakiya, kaurinsa yana sabo 20 ne, iyakarsa 18. Ƙaramin mai faɗin 239 wanda ba shi da ramukan iska, sabonsa 12, iyakarsa 10. Ka ga ke nan duk tsawon rayuwarsa milimita biyu ce, ɗaya ta kowace fuska. Babu idon da zai raba maka 19 da 17, komai daɗewar mai idon a gareji. Idan faifai ya sauka ƙasa da iyakar, yakan yi zafi da wuri, birki ya riƙa sanyin jiki daidai lokacin da ake bukatarsa, fistan ɗin kalifa ya fito fiye da inda aka tsara masa, ƙarfen kuma ya fara tsattsagewa.

Saboda haka a auna. Ma'aunin kauri irin na makanikai ba wani abu ne mai tsadar gaske ba, kuma da direbobin kowace tasha za su haɗa kuɗi su sayi guda su ajiye a ofishin yuniyan, da an taimaki mutane da yawa. Wajen awon akwai abin lura. Tsohon faifai yakan yi leɓe a bakinsa, wurin da fad ba ya taɓawa, kuma in ma'aunin ya hau kan leɓen nan zai ba ka kaurin da babu shi. Ka samu wasa biyu na noti, ka auna kaurinsu, ka ɗora ɗaya ta gaba ɗaya ta baya a inda fad ke gogawa, ka auna duka, sannan ka cire kaurin wasan. Ka yi haka a wurare da dama kana juya faifan, ka ɗauki mafi ƙanƙanta.

Wasu alamomin ba sa jiran awo. Tsagar da ta kai bakin faifai ko ta nufi ramin noti, ba a shawara da ita, sai canji. Tabon shuɗi a fuskar ƙarfe alama ce ya sha wuta fiye da kima. Layuka masu zurfi waɗanda farce ke maƙalewa a ciki, su ne abin da yashi ko fad ɗin da ya cinye har ƙarfe ya bari.

A nan ne maganar feraya ke shigowa. Akwai masu injin da ke fere fuskar faifai ta koma sumul, kuma kuɗinsu bai kai na sabo ba, don haka ba zan ce ku ƙi su ba. Sharaɗin ɗaya ne: bayan an fere, kaurin ya kasance yana sama da lambar da ke jikin ƙarfen, da ɗan rara da za a yi aiki da shi. Faifan Golf mai iyakar 18 da ya rage 19 da rabi, mai 'yan layuka marasa zurfi, ya cancanci feraya. Wanda ya riga ya sauka 18 da ɗan abu, in aka fere shi zai fito yana ƙyalli, ya yi kyau a ido, alhali an kwashe ɗan abin da ya rage masa. Ka tsaya a auna a gabanka bayan an gama, kuma a fere fuskokin biyu daidai wa daida.

Idan awo ya nuna sai saye, ka kwance tsohon ka tafi da shi kasuwa a hannunka. Wannan kaɗai zai raba ka da rabin matsala. Ko a Sakkwato ne wajen Buzaye, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka aza tsohon a kan sabon ka duba da kanka. Faɗinsu ya zo ɗaya. Tsayin hular tsakiya ya zo ɗaya, don in ya bambanta faifan ba zai zauna a tsakiyar kalifa ba. Ramin tsakiya ya zo ɗaya, ramukan noti su hau juna. Yawancin Golf ta uku noti huɗu gare su, amma GTI da VR6 biyar ne, kuma ko cikin masu huɗun akwai mai 239 akwai mai 256, akwai mai ramukan iska akwai marar su. Toyota ma haka, wadda aka yi don kasuwar Amurka da wadda aka yi don Turai suna iya ɗaukar suna ɗaya faifansu ya sha bamban. Kada a ba ka marar ramukan iska a madadin mai su a ce ai duk ɗaya ne. Kada kuma a ce za a ɗan faɗaɗa rami ko a sa wasa a baya ya zauna. Faifan da sai an lallashe shi kafin ya shiga, ba na motarka ba ne. In kuwa saƙo za ka yi daga Kano ta waya, ka aika da lambar shasi da hoton tsohon da awonsa, ku kuma yi magana tun farko cewa in bai dace ba zai koma.

A kasuwa za ka tarar da kaya kala uku. Akwai sabo mai sunan babban kamfani, irin su Brembo na Italiya, da ATE da Bosch na Jamus, da TRW. Akwai sabo ɗan Sin wanda sunansa ba sananne ba ne. Akwai kuma ɗan Beljiyam, wanda aka kwanto daga motar da ta gama aiki a Turai, ya biyo ta Kwatano ko ta Ladipo a Legas ya iso mu.

Na san zukatanku sun fi karkata ga ɗan Beljiyam, kuma na san dalili. Mun daɗe muna ganin inji ko giyabos na Beljiyam ya fi sabon jabu aminci, har abin ya zama kamar doka a tasha. A inji haka ne sau da yawa. Amma faifai abu ne da aka yi shi don ya cinye, kuma wanda ya hau motar a can ya riga ya ci rabonsa na milimita biyun nan, wataƙila ma ya cinye duka. Ƙari a kan haka, a ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga cikin ramukan iska, inda ba a gani sai an leƙa. Ana iya goge fuskar faifai da samfefa ta yi fes, cikinsa kuwa ya ruɓe. Ban ce kada ka saya ba. In ka auna ka ga fiye da rabin rararsa na nan, biyun kaurinsu ɗaya, ka haska tocila cikin ramukan ka ga ginshiƙan ciki lafiya lau ba sa ɓarewa, babu tsaga, ka rataye shi a yatsa ka ƙwanƙwasa da sifana ka ji ya yi ƙara mai tsawo ba ƙarar abin da ya fashe ba, to ka samu rabo, ka saya. In mai shago ya ƙi a auna, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Ɗan Sin kuma kada ka raina shi don ƙasarsa kawai. Garin Laizhou da ke lardin Shandong ya yi suna wajen zuba faifan birki, kuma daga can ake kai wa ƙasashe da dama, har da masu tsananin doka. A Sin ana yin nagari ana yin na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa. Aikinka shi ne ka rarrabe. Ka ɗaga sabon da hannu ɗaya, tsohonka da ɗaya hannun. Sabo na kirki dole ya fi wanda ya cinye nauyi. In ka ji nauyinsu ɗaya, ko sabon ya fi sauƙi, an rage masa ƙarfe. Dabarar da ake yi ita ce a bar kaurin waje daidai, a faɗaɗa ramin iskan tsakiya, fuskokin biyu su zama sirara. Ka dubi gefensa ka kwatanta da tsohon, za ka gani. Ka duba ko akwai ƙananan ramuka kamar na kumfa a jikin ƙarfen, alamar zubin bai yi kyau ba. Ka duba ko an buga lambar kaya da iyakar kauri a jikin ƙarfen kansa. Wanda ba a rubuta masa komai ba, mai yin sa bai yarda a san shi ba ke nan.

Shi kuwa mai babban suna, in na gaske ne kuma aljihu ya kai, shi ya fi. Matsalar ita ce kwali ba shi da wuyar bugawa. Yaron shago zai miƙo maka ya ce, "Wanga orijina na, daga Jamus yaz zo." Wataƙila gaskiyarsa ce, wataƙila shi ma haka aka ce masa. Ka buɗe kwalin ka duba ƙarfen. Lambar da ke kan kwali ta zo ɗaya da ta jikin faifai, rubutun ya fito tsaf ba a karkace ba. Tun 2016 ƙa'idar Turai da ake kira R90 ta haɗa da faifan canji, kuma manyan kamfanoni kan buga harafin E da 90R a jikin kayansu. Ba dole ne faifan tsohuwar mota ya zo da wannan alama ba, amma ganinta na ƙara kwanciyar hankali, in sauran alamomin sun yi daidai. Idan kuwa aka yi maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa a layin, da sunan babban kamfani a kai, ka san akwai magana.

In ka tambaye ni, ga mai haya da Golf ko Corolla wanda kuɗinsa ƙididdigaggu ne, na fi son sabo, sumul, mai matsakaicin farashi, mai cikakken nauyi da lamba a jikinsa, daga shagon da ya daɗe a wurinsa wanda za ka iya komawa ka same shi gobe. Masu huje-huje da zane-zane da kuke gani a hotunan waya, waɗanda ke leƙowa ta cikin rim suna sheƙi, ku bar su. Don motocin tsere aka ƙirƙiro su. A hanyarmu hujin cika yake da taɓo da yashi, tsaga kuma daga bakin huji take farawa, ga shi suna cin fad da sauri.

Biyu ake saye, dama da hagu, rana ɗaya. Na san wannan ita ce magana mai nauyi ga aljihu, amma in ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, ba za su kama daidai ba, kuma ranar da ka taka birki da ƙarfi motar na iya fizga gefe. A titin da tirela ke tahowa ta ɗaya hannun, babu wurin wannan fizgar. Da ka sayi ɗaya mai tsada, gara ka sayi biyu matsakaita. Kuma sabon faifai da sabon fad yake tafiya, don tsohon fad ya riga ya ɗauki layukan tsohon faifai, zai kuwa zana su a kan sabon. Fad mai tsananin tauri da ake yabo wai yana daɗewa, faifanka yake ci a madadin kansa, ga shi faifai ya fi fad tsada. Ka duba man birki ma. Yana shan danshi daga iska a hankali, kuma DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 yana sabo, in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. In ya tafasa a cikin bututu, ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Duk shekara biyu ake so a zubar a sa sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba. Ruwan omo da wasu ke zubawa in man birki ya ƙare a hanya, don Allah ɗiyana ku rabu da shi.

Ranar ɗauri ka tsaya tare da makanikenka. Ba don ka raina saninsa ba, a'a, don motarka ce kuma kai za ka hau. Ka gaishe shi, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, sannan ka roƙe shi abu kaɗan. Ya goge fuskar hob ɗin da faifan zai zauna a kai har sai tsatsa da ƙasa sun fita ƙarfe ya bayyana. Ɗan ɓurɓushin tsatsa a nan ya isa ya sa faifan ya zauna a karkace, kuma yawancin faifan da ake cewa ya lanƙwashe bayan wata biyu, daga nan ciwonsa ya faro. Ya wanke man da aka shafa wa sabon faifai don kada ya yi tsatsa a kwali, kada man ya taɓa fad. Kada ya bar kalifa tana reto a jikin tiyon birki, ya rataye ta da waya. Wajen ɗaure taya, a bi notin a gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har su yi daidai. Notin Golf ta uku ba ya bukatar a sa bututu a sifana a hau da ƙafa. Ƙurar birki kuma kada yaran gareji su hura ta da baki, tana yi wa huhu illa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Wasunku motar ba tasu ba ce, kuma na san nauyin zuwa gaban mai mota da maganar kashe kuɗi. Kada ka je masa da baki kawai. Ka ɗauki faifan ka kai masa, ka nuna masa lambar da ke jiki, ka nuna masa abin da awo ya bayar, ka ce, "Alhaji, ga abin da ya rage." Mafi yawan masu mota in sun gani da idonsu sukan yarda, don dukiyarsu ce ke kan titi. In ya ƙi, ka nemi shugaban tasha ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya sa baki. In duk ya faskara, ajiye makulli ya fi, ko da za a ce ka cika tsoro. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wurin masu ɗori a Aliero ya san abin da hatsarin mota ke bari a gida. Mutanen da ke shiga motarka ba su ga faifanka ba, kai suka gani suka amince.

Ga wanda motar tasa ce, shawarata ita ce ya daina bari canjin faifai ya zo masa kamar gobara. Abu ne da ake hango zuwansa tun da nisa. Ya riƙa ware wani abu kaɗan daga aikin kowace rana, ko ya shiga adashi da 'yan'uwansa direbobi da sunan gyara. Fenti na iya jira, rediyo da sifika na iya jira, rigar kujera na iya jira har bayan kaka.

In an gama ɗauri, kafin ka motsa motar ka taka birki sau da yawa har ƙafarka ta ji ya yi tauri, don fistan ya dawo ya kama fad. Kada ka tafi tasha kai tsaye ka yi lodi. Ka fita bayan gari inda titi ya yi sarari, kai kaɗai, ka kai wajen kilomita 60, ka taka a hankali har ka sauko kusan 20, ka saki, ka ɗan yi tafiya ƙarfen ya sha iska, ka sake, kamar sau goma. Wannan ne ke sa fad da faifai su saba da juna. A kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji birkin gaggawa in ba dole ba, ka rage lodi, ka tsaya kan 80 da dokar hanya ta yanka wa motar haya a babban titi. In ka tsaya bayan birki mai ƙarfi, kada ka danne feda ka zauna a kai faifai na da zafi, yakan bar tabon fad a fuskarsa. Kada ka watsa masa ruwa don ya huce, kuma in ka iso wurin wanki daga doguwar tafiya ka bar motar ta sha iska tukuna. Idan ka ratsa kwatami, ka ɗan taɓa birki sau biyu ko uku bayan ka fito don ya bushe. Washegari ka sake bin notin taya da sifana. Sannan ka rubuta ranar da aka ɗaura da kaurin da aka auna a 'yar takarda, ka sa ta cikin takardun mota, duk ranar da za a canja fad a sake aunawa a rubuta a ƙarƙashinta.